Darasin Wannan Wata: Tsimin Gida, Inda Ake Ragewa Da Inda Ba A Taɓawa

Ina neman a yi mini uzuri, domin darasin wannan wata ba na shanu ba ne. Na gida ne. Amma in mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni har ƙarshe, zai ga ashe maganar shanun ce dai.

Kowane ɗaya daga cikinmu, in ka tashe shi daga barci ka tambaye shi nawa sa ɗaya ya ci masa tun daga kasuwar da ya saye shi har ya sauke shi a Abijan, zai zayyana maka ba gargada: kuɗin saye, la'adar dillali, takardar likitan dabbobi, kuɗin mota, duwan, harawa, ruwa, da ladan yaran da suka kwana a kan kaya. Ba ya manta ko dala. To, amma tambayi wannan mutumin nawa gidansa ya ci a watan jiya, sai ka ji ya ce, "Allah dai ya rufa asiri." Gaskiya ne, Allah ke rufawa. Sai dai Wanda yake rufa asirin Shi ne ya ba mu hankalin lissafi, kuma bai ce a bar shi a kasuwa in za a shiga gida ba.

Abin da wannan darasi yake son koyarwa ɗaya ne tak: lissafin da kake yi wa saniya, ka yi wa gidanka irinsa. In ka yi, za ka gane inda kuɗi ke tsiyaya a banza ka toshe, za ka kuma gane inda araha take zama asara, ka kiyaye.

Dalilin Kawo Wannan Magana

Waɗanda suka manyanta cikinmu ba za su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa. An kwana faran ɗaya na Faransa yana sefa 50, aka wayi gari yana 100. A wajen sana'armu abin ya zo da sauƙi, domin daskararren naman da ake shigowa da shi daga Turai ya yi tsada, mahauta suka dawo kan shanun Mali da Burkina da Nijar. Amma a gida fa? Duk abin da ke zuwa ta jirgin ruwa ya tashi, shinkafa, madara, har magani. Lokacin ina yaron kasuwa, kuma na ga mutanen da suka ci ribar da ba su taɓa ci ba a wannan shekara, amma shekara biyu ba ta cika ba suka koma neman la'ada, saboda cefane da hidima sun cinye har uwar kuɗi.

Yau ma ba mu tsira ba. A watan Janairu na 2024 aka ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan kuɗin wutar lantarki. A cikin wannan shekarar dai aka tashi kasuwar dabbobi daga Port-Bouet aka ba da wuri a Ajame, kowa ya san ɗawainiyar da ƙaura take jawowa. A 2025, ana gab da Babbar Salla, hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi, wanda ya ɗora lissafin shekararsa a kan ragunan can ya ji a jikinsa. Ma'aikaci ya san abin da zai ɗauka ƙarshen wata, ko da mafi ƙanƙantar albashi ne, wanda aka mai da shi sefa 75,000 a 2023. Mu kuwa yau samu, gobe rashi. Ka sayar wa mahauci bashi, ya ce ka dawo jibi, jibin ta zama mako biyu, tukunya kuwa ba ta san an hana ka kuɗinka ba. Saboda haka mun fi ma'aikaci bukatar tsari.

Mataki Na Ɗaya: Raba Aljihu

Maigidan da ya koya mini sana'a, Allah ya jiƙansa, mutumin Tawa ne. Rigarsa aljihu biyu gare ta a ciki. Na dama na shanu, na hagu na gida. Wata rana ya aike ni sayen sukari, ya laluba na hagu bai samu canji ba, alhali na dama cike yake fam. Na ce, "Baba, ai ga kuɗi nan." Ya dube ni ya ce, "Yaro, wannan ba kuɗi ba ne, shanu ne. Ka taɓa ganin an yanki kunnen saniya an sayi sukari?"

Wannan shi ne tushen darasi duka. Uwar kuɗi amana ce, sau da yawa ma ba taka ba ce kai kaɗai, akwai ta abokin tarayya, akwai ta wanda ya ba ka shanu a Arewa yana jiran ka. Don haka ka yanka wa kanka albashi. Ka duba ribar shekarar bara gaba ɗaya, ba ta watan Layya kaɗai ba, ka raba ta gida goma sha biyu, ka cire abin da za a mayar cikin jari, sauran shi ne abin da gida zai ci a wata. A Islamiyya an karantar da mu labarin Annabi Yusufu, alaihissalam, da shekarun yalwa bakwai da na fari bakwai. To, mu watan Layya shi ne yalwarmu. Wanda ya cinye ta a wata guda, damina za ta same shi yana zagayen neman rance.

Mataki Na Biyu: Littafin Cefane

Ka sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta. Wata ɗaya cur, duk abin da ya fita daga aljihun hagu a rubuta, da boko ko da ajami, ko yaro ya rubuta maka. Kada ka canja komai a wannan wata, rubutu kawai. Kada kuma ka fara da uwargida, ka fara da kanka.

Ni da na fara, na ɗauka ɓarnar tana madafi. Da wata ya ƙare na tara, sai na ga goro, da shayi, da katin waya, da ɗan tsire da yamma, da abin da nake miƙa wa kowa a bakin rumfa don kada a ce Alhaji ya yi rowa, sun kama sefa 1,500 a rana. Wato 45,000 ke nan a wata. Kunya ta kama ni, don kuwa a wannan watan na yi faɗa a gida a kan kuɗin sabulu.

Ga ɗan lissafin da ya kamata kowa ya haddace: dala ɗari a rana, wato sefa 500, a wata 15,000 ce, a shekara 182,500. Kai da kake sana'ar dabba ka san irin ragon da wannan kuɗi zai saya. Da yayyafi kogi kan cika, haka kuma da ɗigo randa kan ƙafe. Ban ce a daina cin goro ba, ga Anyama nan kusa, a can ma ake ɗaure huhunan da ke tafiya har Kano. Na ce dai mutum ya san guda nawa yake ci, kuma ya sayi na mako a ajiye cikin ganye ya fi sayen ɗaiɗai a bakin titi.

Mataki Na Uku: Inda Ake Ragewa

Na farko, cefane. Mai sayen kashi-kashi kullum shi ke biyan ribar mutum uku: mai sari, mai rumfa, da mai tebur. Mu da ke Ajame ba mu da hujja, domin kasuwar Guro tana nan, inda motoci ke sauke kayan miya da ayaba da doya daga ƙauyuka. 'Yan Tireshbil kuma ga tashar jiragen kamun kifi kusa da su. Gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi, a sari buhun shinkafa, da buhun albasa, da jarkar mai, a raba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Lokacin da tumatir da barkono suka yi araha a saya a shanya, kamar yadda iyayenmu mata suke yin kauɗa a gida. Amma a kula: buhu in ya shiga ɗaki ba a san yana ƙarewa ba sai an ga gindinsa. A sa masa ma'auni, gwangwani kaza a rana, kuma makulli a hannun uwargida. In ba haka ba sari ya fi kashi-kashi ɓarna.

Nama ma haka. Abin dariya ne a ce mai sayar da sa yana aika yaro sayen naman dala ɗari-ɗari a tebur. Ka yi magana da mahaucin da kake hulɗa da shi, kai da ƙafa da kayan ciki na mako guda, ka biya a hannu, kada ka ce a cire cikin bashin shanu, don nan ma aljihu biyu sun haɗu ke nan.

Sai karin kumallo. Garba abincinmu ne, har sunan ɗan'uwanmu ya ci, kuma masu sayar da shi mutanenmu ne, kada su ji haushina. Amma gida mai mutum takwas, in kowa ya karɓi dala ɗari ya nufi wurin mai garba da safe, jaka huɗu ta tafi kafin hantsi. Koko da ƙosai, ko ɗumamen tuwon jiya, ba su kai rabin haka ba. A bar garba ya zama na marmari.

Na biyu, makamashi. Gawayi a birni kullum sai tashi yake yi, gas kuwa hukuma ke tallafa masa. A farashin da aka ƙayyade a 2024, ƙaramar tukunya mai kilo 6 sefa 2,000 ce, babba mai kilo 12 da rabi kuwa 5,200. To, yi lissafi irin na fatake. A ƙaramar, kilo ya kama wajen sefa 333, a babbar wajen 416. Wato ƙanana biyu, kilo 12, sefa 4,000 ke nan. Ba kullum babba ke fin araha ba, sai an auna. A jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a rage wuta in ta tafasa. A kuma riƙa duba tiyo, don tsimin da zai kai ga gobara a gidan haya ba tsimi ba ne.

Na uku, wuta da ruwa. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, in ya yi awa 6 kullum, a wata ya sha kilowat 10.8. Sabon irin nan mai suna LED, mai wat 9, haskensu kusan ɗaya, abin da zai sha bai kai kilowat 2 ba. Gida mai ƙwai biyar, ka ga tsakanin 54 da 8 akwai tazara. Wanda yake da mita mai kati daga CIE ya fi kowa ganin wannan, don yana kallon kuɗinsa na sauka. Guga a tara a yi shi sau ɗaya a mako. Firji kada a jingina shi da bango, kada kuma a sa abinci da zafinsa. Famfon da ke ɗiga a gyara shi yau, robar da za a canja ba ta kai kuɗin goron yini ba. Masu zaman gida ɗaya da mita ɗaya su zauna su yi ƙa'idar rabo a rubuce, wannan yana tsare kuɗi, yana kuma tsare zumunci.

Na huɗu, haya. Da yawa daga cikinmu ba su san cewa tun 2018 akwai doka a nan Kodebuwa da ta iyakance abin da mai gida zai karɓa a hannun mai shiga ɗakin zama ba: kuɗin wata biyu na gaba, da na wata biyu na ajiya. A nemi yarjejeniya a rubuce, a karɓi rasit kowane wata, a adana. Baƙo wanda ba ya riƙe takarda shi ake cewa ya biya sau biyu. Kuma kafin ka kama ɗaki mai araha a nesa, ka haɗa da kuɗin gbaka da woro-woro naka da na yara na wata guda, sannan ka ga ko arahar tana nan.

Na biyar, aike gida. Wannan wajibi ne, iyaye suna da haƙƙi. Amma aike sau shida a wata, kowanne da ladansa, asara ce. Ka sa rana ɗaya, ka sa adadi, kowa ya sani. Ka tambayi ladan aike a wuri biyu ko uku kafin ka miƙa. Mafi girma duka, ka aika kuɗin hatsi da kaka, lokacin da gero ke ƙasa, a zuba a rumbu. Wanda ya jira sai damina ta yi tsakiya aka bugo masa waya cewa rumbu ya ƙare, zai sayi tiya da tsadarta.

Na shida, bukukuwa. Nan ne giwar take, sauran duk ɓeraye ne. Suna, aure, anko, gara, kowanne yana iya cinye tsimin shekara a yini ɗaya. Mu maza mukan ɗora wa mata laifi, alhali mu ne ba mu son a ce ragon sunan wane ya fi namu. Ko Layya, a mazhabarmu ta Malikiyya sunna ce mai ƙarfi ga wanda yake da iko. Ni mai sayar da rago ne nake faɗa maka: kada ka ci bashi don ƙahon ragonka ya fi na maƙwabci murɗewa. Daidai ruwa daidai tsaki.

Mataki Na Huɗu: Inda Ba A Taɓawa

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mai neman rage kashe kuɗi a Abijan, ba a daɗewa sai wani ya ce masa, "Me zai kai ka farmasi? Je ka Roxy." Duk wanda ya san Ajame ya san wurin. Sunan wani tsohon gidan siliman unguwar ya ci, ya kuma shahara a matsayin ɗaya daga cikin manyan kasuwannin maganin bakin titi a Afirka ta Yamma. Tire-tire da kwanduna, ƙwaya ja da fara da ruwan ɗorawa, ana ba ka ɗaiɗai gwargwadon kuɗinka, ba takardar likita, ba tambaya. Wannan ciniki ya ƙara ƙarfi ne bayan 1994, da maganin farmasi ya fi ƙarfin talaka. A watan Mayu na 2017 jami'an tsaro suka kai samame can suka kwashe wajen tan 40 na magani. An sha kai irin wannan samame, amma sana'ar ba ta mutu ba, in an kore ta nan sai ta ɓullo can, domin masu saye ba su daina ba. Masu sayen kuwa har da mu.

Ba na zagin matan da ke wannan talla, abinci suke nema kamar kowa. Amma ga abin da ya kamata a sani. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kusan magani ɗaya cikin goma ko dai jabu ne ko kuma bai kai ingancin da ake bukata ba. Wannan lissafin na ko'ina ne, to ina ga wanda yake kan tire? Matsalar iri huɗu ce. Akwai wanda ba komai cikinsa sai gari. Akwai mai ɗan sinadari kaɗan, ya kwantar da ciwo bai kashe shi ba, har ƙwayar cutar ta saba da shi. Akwai na gaske wanda wa'adinsa ya wuce, ko rana da raɓar Abijan suka kashe shi. Akwai kuma na gaske mai kyau, amma ba na ciwonka ba ne, don mai tire ba ta auna jininka ba.

Mu fa bai kamata a yi mana dogon bayani a nan ba. Wane ne cikinmu bai san abin da jabun maganin sammore ke yi wa garke ba? Ka yi allura, ka koma ka kwanta da murna, saniya tana ta ramewa har ta faɗi. Ka yi tsimin jaka ɗaya ka rasa dabbar jaka ɗari huɗu. Shi ya sa falke mai hankali ba ya sayen maganin shanu sai inda ya amince. To, don me abin da ba mu yarda a yi wa saniya ba muke yi wa 'ya'yanmu?

Abin ya faru a gidana, kuma laifin nawa ne. A 2014, wata 'yata tana da shekara huɗu, zazzaɓi ya kama ta da safe. Ranar mota biyu nake jira. Na ba yaro jaka ɗaya na ce ya karɓo maganin zazzaɓi wajen wata mai talla. Uwarta ta biyo ni har zaure ta ce, "Alhaji, da karsanarka ce take wannan rawar ɗari, yaro za ka aika, ko da kanka za ka tafi?" Na ce mata kada ta ɓata mini lokaci. Kwana biyu jiki yana sanyi yana komawa. Daren na uku yarinya ta fara jijjiga, ido ya kafe. Muka ɗauke ta a guje cikin dare zuwa asibiti. Zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani, jini ya ƙare, sai da aka yi mata ƙari. Ko jabu aka ba mu, ko wanda rana ta kashe, duk ɗaya ne a wajen yarinyar. Allah ya tashi kafaɗarta, yau ta girma. Amma tsakanin zirga-zirga, da sayen abin da aka rubuta, da kwana takwas ban taka kasuwa ba, da sa guda da na karyar don in samu kuɗi a hannu, abin da na rasa ya haura jaka ɗari da hamsin. Garin neman gira na kusa rasa ido. Abin da ya fi ci mini rai, daga baya na ji cewa tun 2012 gwamnati ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu ciki kuɗin jinya a asibitocinta. Wato jakar da na bayar ma ban tsimar da komai ba.

Saboda haka ga hanyoyin rage kuɗin magani na gaskiya:

Ɗaya, zazzaɓi ya kama yaro, a kai shi ƙaramin asibitin gwamnati na unguwa a ranar. Gwajin ɗigon jini ne a yatsa, ba ya ɗaukar rabin awa. Zazzaɓin cizon sauro yana iya juyewa ya zama mai kisa cikin yini da kwana ɗaya.

Biyu, in an rubuta maka magani, ka tambayi likita ko mai farmasi ko akwai irinsa da ake kira jenerik. Sinadarin ɗaya ne, suna da kwali ne suka bambanta, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Ba abin kunya ba ne. Kai da kake yini kana taya sa, me zai hana ka tambaya?

Uku, a yi katin inshorar lafiya ta CMU. An kafa dokarta a 2014, ta fara aiki a 2019, kuma ta shafi duk mazaunin ƙasar, ɗan ƙasa da baƙo. Ƙa'idarta sefa 1,000 ga kowane mutum a wata, ta ɗauki kashi 70 cikin ɗari na jinyar da ke cikin tsarinta, kai ka biya 30. Ba kowane magani ta ƙunsa ba, ba kuma kowane asibiti ba, akwai layi, akwai jira. Amma gida mai mutum takwas jaka takwas ke nan a wata, ka gwada da 45,000 da na gaya muku ina kashewa a bakin rumfa.

Huɗu, rigakafi ya fi magani. Gidan sauro a ɗaura shi kan gado, ba a rufe kaji da shi ba. Allurar yara a cika ta, akwai ta a asibitin unguwa, ga kuma cibiyar tsabta da rigakafi ta ƙasa a Tireshbil. Kwatar ƙofar gida a yashe ta kafin ruwan watan Yuni.

Biyar, maganin da aka ba ka ka shanye shi har ƙarshe. Kada ka ji sauƙi ka ɓoye saura don wani yaron, wannan ma tsimin asara ne.

Ban da magani akwai abu uku da ba a yanka. Karatun yara, na allo da na boko, kuma a tuna tun 2015 doka ta wajabta makaranta ga yaro daga shekara 6 zuwa 16. Sai abincin mai ciki da mai goyo da ƙananan yara. Sai haƙƙin Allah, wato zakkar dukiyar ciniki, ɗaya cikin arba'in in ta kai nisabi shekara ta zagayo. Malamanmu sun nuna mana a Suratul Furƙani, aya ta 67, cewa hanyar bayin Allah na ƙwarai wajen ciyarwa tsakiya ce, tsakanin almubazzaranci da ƙwauro. Mutumin da ya hana iyalinsa abin da ya wajaba a kansa ya kira shi tsimi, marowaci ne kawai, kuma ba shi wannan darasi yake yabo ba.

Aikin Da Za A Yi Kafin Fitowa Ta Gaba

1. Ka yanka wa gidanka adadin wata, ka raba shi da kuɗin shanu tun daga gobe.

2. Ka rubuta duk abin da ya fita har kwana talatin, naka a shafin farko.

3. Ka zauna da uwargida, da amarya in akwai, ku duba littafin tare. Shawara za ka nema, ba shari'a za ka yi ba. Sun fi ka sanin farashin kasuwa, kuma tsimin da ba su yarda da shi ba ba ya kwana uku.

4. Ku zaɓi abu uku kacal da za ku rage. Wanda ya ce zai gyara komai a wata ɗaya ba ya gyara ko ɗaya.

5. Abin da aka tsimar a ware shi a ranar, kada ya kwana a aljihu. Farkon abin da za a tara shi ne kuɗin ko-ta-kwana na rashin lafiya, har ya kai cefanen wata uku. Domin mafi yawan waɗanda ke tafiya wajen mai tire ba jahilci ke kai su ba, rashin jaka biyar a hannu ne a daren da yaro ya kwanta.

6. A buɗe akwati da ƙarƙashin katifa, duk wata ƙwaya da ba a san asalinta ba a fitar da ita daga gidan, a kai wa mai farmasi ya faɗi yadda za a yi da ita.

Wanda ya gwada, ya kawo mana labari a taron wata, ko ya yi nasara ko bai yi ba, don wani ya ƙaru. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, dattawa su gyara mini. Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, ya raba mu da bashi da jinya, ya kai shanunmu kasuwa lafiya, ya mai da mu ga iyalanmu lafiya. Amin.